Auna Ɗalibin Injiniya da Abin da Ya Iya: Jagora ga Sabon Malami

Ɗalibi na iya cin 45 cikin 100 a kwas ɗin motsin ruwa ba tare da ya taɓa warware tambaya guda daga farkonta zuwa ƙarshenta ba. Ya rubuto ƙa'idar lissafi daidai, ka ba shi maki uku. Ya yi zane, ka ƙara biyu. Ya kauce a tsakiya, amsarsa ta nuna injin ban ruwa zai tsotso ruwa daga zurfin mita 40, ka ce ai ya yi ƙoƙari. Da wannan tsince-tsince yake haɗa D ya wuce aji na gaba. Manomin shinkafa a fadamar Bagudo kuwa ba ya sayen rabin amsa. Ko ruwa ya hau gona ko bai hau ba, kuma kuɗin fetur sun riga sun fita daga aljihunsa.

Yawancin malaman da ke shigowa aiki yanzu sun san da wannan matsala, kuma suna son gyara. Lokaci ma ya ba su dama. A watan Yunin 2023 hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya ta samu shiga Yarjejeniyar Washington a matakin wucin gadi, yarjejeniyar da aka ƙulla tun 1989, wadda ke neman a tabbatar da abin da ɗalibi ya iya yi da kansa ranar da ya kammala. Sabon kundin manhaja na hukumar jami'o'i ta NUC, wato CCMAS da aka ƙaddamar a Disamban 2022, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Ga malami a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ko duk inda 'ya'yan Bagudo da Illo da Kaoje ke zuwa karatu, wannan ƙofa ce a buɗe.

Sai dai kurakuran da nake gani wajen masu farawa iri ɗaya ne kullum. Mutum ya sauya komai a zango ɗaya, bai rubuta ƙa'ida ba, bai shaida wa shugaban sashe ba, ya ce kowa ya sake gwaji iya son ransa. Kafin tsakiyar zango takardu sun binne shi, ɗalibai sun kai ƙara, shi kuma ya koma ga karanto takardar lakca yana cewa sabuwar hanya ba ta yi da mutanenmu. Ta yi da su. Abin da ya rasa tsari ne, kuma shi zan shimfiɗa a nan, da misalin kwas ɗin motsin ruwa da injinan ban ruwa, domin shi na fi sani kuma shi ya fi kusa da rayuwar wannan yanki.

Abin da za ka tanada

- Kundin dokokin jarrabawa na jami'arka, ka karanta shi da kanka.
- Bayanin kwas ɗin kamar yadda yake a manhaja, da takardun jarrabawar shekarun baya.
- Babban littafin rajista mai layi, ko jadawali a kwamfuta tare da kwafi a takarda.
- Amincewar shugaban sashe a rubuce.
- Haɗin kan ma'aikatan ɗakin gwaji. Su suka san wane inji ke tashi, wane ne ya mutu.
- Awa ɗaya a mako da ɗaki tsayayye don sake gwaji.
- Kayan awo masu araha: durom mai cin lita 200, tef ɗin awo, igiya da ɗan ƙarfe a bakinta, siririn tiyo mai nuna ruwa irin na magina, da agogon waya.

1. Ka san iyakar gonarka

A jami'o'inmu majalisar jami'a ce ke da iko da sakamako. Ita ta yanke cewa jarrabawar ƙarshe na ɗauke da maki 70 ko 60, aikin cikin zango da ɗalibai ke kira CA na ɗauke da 30 ko 40, kuma A na farawa daga 70, faɗuwa na ƙasa da 40 a mafi yawan wurare. Ba ka da hurumin taɓa wannan. Gonarka ita ce makin CA da yadda kake tafiyar da aji, kuma ta ishe ka. Ka rubuta shafi ɗaya da ke bayyana yadda za ka raba makin, ka kai wa shugaban sashe kafin a fara karatu, ya sa hannu. Ranar da wani ɗalibi ya yi ƙorafi, wannan takarda ce za ta tsaya maka. Kuma kwas ɗaya za ka ɗauka a karon farko.

2. Ka farfasa kwas ɗin zuwa ƙwarewa goma

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ha'inci. Malami kan kwafo kanun babi-babi daga littafi ya ce ya rubuta ƙwarewa. "Ɗalibi zai fahimci ƙa'idar Bernoulli" ba abin aunawa ba ne, don ba ka da hanyar leƙa cikin kansa ka ga fahimta. Ka rubuta abin da za ka gani da idonka a takarda ko a hannunsa:

"Idan an ba ni faɗin gona da ruwan da take sha a yini, zan fitar da lita nawa inji zai turo a sakan."

"Zan lissafa ƙarfin da gogayyar ruwa da bututu ke cinyewa, in zaɓi faɗin bututun da ya dace."

"Zan karanta zanen aikin inji, in nuna ruwan da zai bayar a tsayin da aka ɗora masa."

"Zan auna gudun ruwa da durom da agogo, in faɗi iya kuskuren da ke cikin awona."

Ka lura da "zan" da ke cikin kowace jimla. Da bakin ɗalibi ake rubuta su, don ya iya duba kansa kafin kai ka duba shi.

Goma zuwa goma sha biyu sun isa. Wanda ya jera talatin ya ɗaura wa kansa dutse. Daga cikin goman ka ware huɗu a matsayin ginshiƙai, waɗanda idan babu su kwas na gaba ba zai zaunu ba. Hanyar gane ginshiƙi mai sauƙi ce: je ka tambayi malamin da zai karɓi waɗannan ɗalibai baɗi, me yake so su zo da shi. Sau da yawa amsarsa za ta ba ka mamaki, domin abin da yake kuka da shi ba babban lissafi ba ne. Sauya ma'auni ne, daga inci zuwa milimita, daga lita a minti zuwa lita a sakan. A yankin iyaka wannan ba ƙaramin abu ba ne. A kasuwa da inci ake kiran inji da tiyo, a ce inci biyu ko inci uku, littafin aji yana magana da mita, takardar wani injin kuma da Faransanci take zuwa idan ta ɓangaren Malanbil ko Segbana na ƙasar Benin ya shigo. Ɗalibin da ma'auni ke ruɗawa zai sa manomi ya sayi abin da ba zai yi masa aiki ba.

3. Ka rubuta sharaɗin "ya iya", ka raba wa kowa

Kowace ƙwarewa tana da ɗan gajeren gwaji na minti goma zuwa sha biyar, kuma hukuncinsa ɗaya ne cikin uku: *Ya iya*, *Gyara*, ko *Da saura*. Babu 6 cikin 10.

*Ya iya* na nufin hanya daidai ce, ma'auni na nan a kowane layi, amsa ta shiga hankali, kuma wani injiniya zai iya bin aikin ba tare da ya nemi mai shi ba. *Gyara* na wanda hanyarsa daidai ce amma ya yi tuntuɓe a ninkawa ko kwafar lamba. Ya gano kuskuren da kansa, ya dawo da takardar cikin kwana biyu. *Da saura* na wanda tunaninsa ne ya kauce, sai ya koma ya koya ya sake zama.

Wannan tsari na sharuɗɗa malama Linda Nilson ta jami'ar Clemson a Amurka ce ta yi fice da bayaninsa, kuma gargaɗinta abin riƙewa ne: ma'aunin wucewa ya zama na aiki mai kyau, kusan na mai B, ba na wanda ya tsallake da ƙyar ba. Masu farawa kan faɗa ɗayan rami biyu. Wani ya tsananta har sai aiki ya zama ba aibi ko ɗaya, aji duka ya karaya. Wani kuma tausayi ya kama shi, ya riƙa rubuta *Ya iya* a kan aikin da ya san bai kai ba, ya dawo da tsohon tsince-tsince da sabon suna. Maganin duka biyun shi ne ka nuna wa aji samfuri tun makon farko: ga takardar da ta wuce, ga wadda ba ta wuce ba, ga dalili. Ka cire sunaye.

Game da abin da za ka rubuta a gefen takarda, akwai binciken da Ruth Butler ta wallafa a 1988 a kan yaran firamare, inda waɗanda aka ba sharhi kawai suka inganta aikinsu, waɗanda aka haɗa wa sharhi da maki kuwa ba su fi waɗanda aka ba maki zalla ba. Duk malamin da ya taɓa mayar da takardu ya ga haka: ido na sauka kan lambar, a ninke takarda a sa a aljihu. Saboda haka jimla ɗaya za ka rubuta, mai nuna inda aka kauce ba tare da ba da amsa ba. Misali: "Duba tsayin da ka sa, daga ina ka fara aunawa?"

4. Ka buɗe ƙofar sake gwaji, amma ka sa mata ƙyaure

Wannan shi ne zuciyar al'amarin, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun a gaban malam ba gargada. In ya yi tuntuɓe ba a ce masa ya ci rabi ya wuce. A ce ya koma ya sake, kuma ranar da ya kawo shi daidai ba wanda ke rage masa daraja don jiya ya kasa. A 1968 Benjamin Bloom na jami'ar Chicago ya kawo hujjar cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙwarewa a darasi idan aka ba su lokaci da gyara, cewa bambancinsu ya fi yawa a saurin kamawa. Yaron da ya fito daga makarantar ƙauye da ba ta da ɗakin gwaji zai iya yin jinkiri a makonni huɗun farko, ya zo ya wuce kowa a na goma. Tsohon tsari yana ɗaure masa faɗuwar makon farko a wuya har ƙarshen zango.

To amma ka yi lissafin kanka kafin ka yi alkawari. A ce kana da ɗalibai 120 da ƙwarewa 10. Takardu 1,200 ke nan a zama na farko kawai. Suna da saurin dubawa tunda ba rabon maki kake yi ba, amma idan ka bar ƙofa a sake za su ninka. Ga ƙyauren:

Kowane ɗalibi yana da tikiti uku na sake gwaji a zango, don haka ƙarin ba zai wuce 360 ba. Ba a zama sai an kawo tsohuwar takarda da gyaranta da layi biyu na bayanin abin da aka gane. Ƙwarewa ɗaya ake sakewa a mako. Tambayar kuma sabuwa ce, ba wadda aka canza wa lambobi kawai ba. In jiya ka ba da gona ka nemi inji, yau ka ba da inji ka nemi iya gonar da zai shayar. Ka rufe ƙofar mako biyu kafin jarrabawa, ka faɗi ranar tun farko, domin idan ba haka ba rabin aji zai taru a bakin ofishinka a mako na ƙarshe.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka yi sake gwaji a ofis, kai da ɗalibi ɗaya, musamman ɗaliba. A yi shi a aji, a lokacin da kowa ya sani, da wani ma'aikaci a wurin. Tsarin da ke ba malami damar sauya hukunci yana jawo zargi da roƙo da "Malam a taimaka", kuma kariyarka da ta ɗalibanka ita ce komai ya gudana a fili.

5. Ka rage magana a aji

Idan ka sauya awo ka bar koyarwa yadda take, ka yi rabin aiki. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniya, suka ga masu faɗuwa sun kai kusan kashi 34 cikin 100 a ajin lakca zalla, kusan kashi 22 a ajin da ɗalibai ke aiki da kansu. Ba a ajinmu aka yi binciken ba, amma tazarar ta isa a gwada.

Hanya mafi araha ita ce ta Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard, wadda ya fara a farkon shekarun 1990. Ba ta buƙatar lantarki. Kowane ɗalibi ya ninke takarda gida huɗu ya rubuta A, B, C, D da manyan baƙaƙe. Ka yi bayani na minti goma, ka jefa tambaya ta tunani, kowa ya yi shiru minti ɗaya, sannan a ɗaga amsa lokaci guda. Idan kusan kowa ya samu, wuce. Idan kusan kowa ya faɗi, sake bayani ta wata fuska. Idan aji ya rabu, ka ce kowa ya nemi wanda amsarsu ta bambanta ya shawo kansa, bayan minti uku a sake ɗagawa.

Ga irin tambayar da ke aiki. Manomi ya kafa inji a bakin rijiyar da ruwanta ke zurfin mita 12, ruwa ya ƙi hawa. Me zai yi? A, ya sayo inji mai ƙarfi ninki biyu. B, ya ƙara faɗin tiyo. C, ya saukar da injin kusa da ruwa. D, ya ƙara wuta. Da yawa za su ɗaga A, har da waɗanda suka haddace ƙa'idar. Amsar C ce, domin matsin iska ne ke turo ruwa cikin tiyon tsotso, kuma iyakarsa kimanin mita 10 ne ko da komai ya cika, a aikace bakwai zuwa takwas. Sai ka ga ɗan manomi a layin baya ya miƙe yana bayanin yadda ake haƙa rami a zaunar da inji a ciki idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani. Ka bar shi ya gama. Ka kuma bar su su yi gardamarsu da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Rubutun gwaji ne zai zo da Ingilishi.

6. Ka ba su aiki na gaske daga fadama

Jami'ar Aalborg ta Denmak tun kafuwarta a 1974 ta gina karatunta a kan matsalolin gaske da ɗalibai ke warwarewa rukuni-rukuni. Kai ba sai ka sauya jami'a ba. Aiki ɗaya mai maki goma ya isa, kuma Bagudo cike take da tambayoyi. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar, noman rani na shinkafa ya dogara da ƙananan injinan fetur da 'yan rijiyoyin bututu, kuma harkar ta ƙara bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Fetur kuwa a bakin iyaka yana da nasa labari. A Nuwamban 2019, lokacin da iyakoki ke rufe, an hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sannan a Mayun 2023 aka cire tallafi. Tambayar ko manomi ya ci gaba da fetur ko ya koma sola tambaya ce da ake yi a majalisa da gona, kuma ɗalibin aji uku na da kayan amsa ta.

Ka raba su huɗu-huɗu, kai za ka raba, kada abokai su zaɓi juna. Kowane rukuni ya samu gona guda ta gaske. Su auna faɗinta. Su sa igiya su auna zurfin ruwa kafin a tada inji da kuma bayan ya yi awa yana aiki, domin ruwan rijiya na sauka idan ana ja. Su auna tudun da ke tsakanin inji da gona da tiyon magina. Sannan su kafa durom a bakin tiyo su danna agogo. In durom mai lita 200 ya cika a sakan 40, lita 5 ke nan a sakan. Su maimaita sau uku, su ga yadda lambar ke motsi, su koyi cewa awo ɗaya ba awo ba ne.

A nan za su ci karo da abin da littafi ba ya nuna musu da kyau. A jikin injin inci uku galibi an rubuta kusan lita 1,000 a minti, da tsayin da ya haura mita 20. Ɗalibi kan ɗauka injin na ba da duka biyun a lokaci guda. Ba haka ba ne: lambar farko ta lokacin da ba tudu ba ce, ta biyu kuma ta inda ruwa ya daina fita. Abin da durom ya nuna yana tsakani, kuma ranar da ɗalibi ya ga haka da idonsa ba ya sake mantawa da zanen aikin inji.

Lissafin da ya biyo baya gajere ne. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A ce gona na shan milimita 10 a yini, lita 100,000 ke nan. In za a turo su cikin awa shida, ana neman kimanin lita 4.6 a sakan. A tsayin mita 10, ƙarfin da ke shiga ruwan kimanin wat 450 ne, kuma idan rabin ƙarfin inji ne ke isa ga ruwa, sai a nemi wat 900. Daga nan su shiga kasuwa su tambayo farashin faifan sola da na litar fetur a ranar, su faɗi shekara nawa kuɗin zai dawo. Adadin ruwan da gona ke sha kada su ɗauko shi daga misalina. Ƙasa mai yashi da mai laka ba ɗaya suke ba, su tambayi mai gonar sau nawa yake ban ruwa a mako, awa nawa.

Abu biyu za su miƙa: rahoton injiniya, da shafi ɗaya da Hausa wanda mai gonar zai ji in an karanta masa. Na biyun ya fi wuya, kuma shi ke tona wanda bai gane ba.

Hatsarori a nan na gaske ne. Kada ɗalibi ya shiga gonar kowa sai an bi ta hannun hakimi ko dagaci da sarkin noma, da takarda daga sashe. Ka binciki halin tsaro a makon tafiyar, ba a watan da ya wuce ba, kuma in akwai shakka a fasa, a yi awon a gonar da ke kusa da makaranta. A Lolo ko Tsamiya gona na iya kasancewa taku kaɗan daga ƙasar Benin. Ba mai tsallakawa da sunan aikin makaranta, ba mai ɗaukar hoto kusa da shingen jami'an kwastan. Da rani za a je, domin da damina fadama ta ruwa ce, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna. Jirgin ruwa kuwa a guje shi. Wanda ya tuna haɗarin da ya ci rayuka masu yawa kusa da Warra a Mayun 2021 ba zai ɗora ajinsa a kwalekwale ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba. Ba a zuba mai inji na aiki, ba a shiga ramin da inji ke hayaƙi a ciki. In kuɗin mota ya gagara, ɗaliban da suka fito daga yankin su yi awon lokacin hutu su kawo wa rukuninsu.

Sai matsalar ɗan rakiya, wanda sunansa ke kan rahoto hannunsa bai taɓa aikin ba. Rabin makin na rukuni ne, rabi na mutum, kuma na mutum ana samunsa ne a tsaye: minti uku a gabanka da wani malami, ka buɗe shafin da ka ga dama ka ce, "Wannan lambar daga ina ta fito?" Wannan tambaya ita ce kuma maganin rahoton da aka kwafo ko aka sa manhajar waya ta rubuta.

7. Ka mayar da shi maki ta hanyar da kowa zai iya lissafawa

A ƙarshe ofishin jarrabawa lamba yake so. In CA ɗinka 30 ne: kowace ƙwarewa da aka iya maki 2, jimla 20, aikin fadama 10. Sharaɗi guda a kai: wanda bai kammala ginshiƙai huɗu ba, makinsa na ƙwarewa ba zai haura 10 ba, ko nawa ya tara a sauran. Ba tare da wannan sharaɗi ba, masu wayo za su kwashe masu sauƙi su tsallake masu wuya.

Ka liƙa jadawalin ci gaba duk mako biyu da lambar rajista, ba suna ba. Ɗalibi ya ga inda yake, kuskuren rubutu kuma ya fito da wuri. Jarrabawar ƙarshe ita ma ka gina ta a kan ƙwarewa goman nan, ka rubuta a takardar amsoshinka wace tambaya ke auna wace ƙwarewa. In ka koyar da abu ɗaya ka tambayi wani, ɗalibai za su gane cewa tsohuwar haddar ce ke biya, kuma baɗi ba wanda zai saurare ka.

Ka sa ran makin CA zai ɗaga sama da yadda aka saba, kuma wani a taron sashe zai ce ka yi rabon maki. Amsarka takardun ne: ga abin da yaron ya kasa a mako na uku, ga shi ya yi shi daidai a na bakwai a kan sabuwar tambaya.

8. Ka adana shaida, ka yi tanadin zangon da ya gutsure

Zangon karatu a ƙasar nan ba ya da tabbas. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, kuma bayan irinsa akan matse makonni. Saboda haka ka jera ginshiƙai huɗun a farkon zango, ka rubuta a takardar da shugaban sashe ya sa wa hannu cewa idan lokaci ya gaza, za a raba maki 20 ɗin a kan ƙwarewar da aka samu gwadawa.

Ka buɗe fayil guda na kwas: jerin ƙwarewa, sharuɗɗa, kowace tambaya da ka yi amfani da ita, samfurin takardu na sama da na tsakiya da na ƙasa, da jadawalin da ke nuna mutum nawa suka iya kowace ƙwarewa a zama na farko, nawa a na biyu. Masu tantancewa na COREN irin wannan shaida suke nema. Kai ma za ta yi maka amfani kafin su zo: ƙwarewar da fiye da rabin aji suka kasa a zama na farko, ka sake duba yadda ka koyar da ita da makon da ka sa ta, ka ƙara mata tambayar ɗaga takarda guda biyu. Tambayoyin da suka fita kuwa sun riga sun shiga wayoyin 'yan aji na ƙasa, don haka a lokacin hutu ka rubuta sababbi uku ga kowace ƙwarewa kafin a dawo.